Sirrin zukatan matasa a cikin waya: amanar da ke wuyan mataimakin mai bincike

  

Wata rana bayan mun idar da sallar La'asar a nan Bagudo, wani matashi daga cikin ɗalibanmu, wanda ya kammala jami'a ya kuma gama hidimar ƙasa, ya zauna a sahun baya har sai da jama'a suka watse. Sannan ya matso ya gaishe mu, ya ce: "Allah gafarta Malam, na ga sanarwar wani aiki a waya, ina son in nema, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Wata ƙungiya ce tare da wata jami'a suke neman mataimakan masu bincike. Za su gwada wata manhajar waya da aka ce tana taimakon matasa masu fama da damuwa. Aikinmu shi ne mu bi gidaje da makarantu, mu zauna da samari da 'yan mata, mu tambaye su ko suna samun barci, ko suna yawan kuka, ko sun taɓa jin gara su mutu, mu shigar da amsar a kwamfutar hannu. Malam, wannan ba shi ne bin diddigin sirrin mutane da aka hana ba? Kuma kuɗin da za a biya ni, halal ne?"

Ba mu ba shi amsa a ranar ba. Mun nemi ya ba mu 'yan kwanaki, muka koma ga littattafanmu, muka kuma tuntuɓi wasu ma'aikatan lafiya da muka yarda da addininsu da iliminsu. Abin da muka tattaro shi muke son gabatarwa a nan, domin irin wannan aiki na wata biyu ko uku ya zama ɗaya daga cikin ƙofofin da 'ya'yanmu masu digiri ke ƙwanƙwasawa, kuma gidajenmu ne masu kwamfutar hannun ke yi wa sallama.

Mai karatu na iya cewa me ya haɗa garin bakin iyaka da binciken lafiyar ƙwaƙwalwa. Sai mu ce masa ya duba abin da ya sauka a kan saurayin wannan yanki cikin 'yan shekarun nan. Abincinmu a Bagudo da Illo da Lolo da Kaoje yana fitowa ne daga fadamar Kogin Kwara, da kamun kifi, da kiwo, da kuma fataucin da ke bi ta Tsamiya zuwa Segbana a Jamhuriyar Benin. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa na tudu. A watan Nuwamban wannan shekarar aka hana kai mai ga gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka. A daminar 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafar Kebbi. A watan Mayun 2023 aka cire tallafin mai, bayan wata biyu kuma aka yi juyin mulki a Nijar, hanyar Gaya zuwa Malanville ta toshe. Sai ga Lakurawa a sassan jiharmu, ga kuma hare-haren 'yan bindiga a arewacin Benin, can tsallaken da danginmu suke. Ba mu zo yabon fasa-ƙwauri ba, mun sha yin wa'azi a kansa. Amma saurayin da ya saba kawo wa mahaifiyarsa cefane daga abin da ya samu a kan babur, aka wayi gari babu, ga bashin taki, ga auren da aka sa wa rana ya gagara, ba kowa ne ke iya haɗiye wannan ya kwana lafiya ba. Wasu sun daina fitowa majalisa. Wasu sun koma ga tiramol da makamantansa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin kowane yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19 akwai ɗaya mai fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa. A Nijeriya kuwa, likitocin da suka ƙware a wannan fanni ba su kai 300 ba, ga al'umma fiye da miliyan 200, kuma mafi yawansu suna manyan birane. Babban asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya da mutanen wannan shiyya suka sani shi ne na Kware. Kafin mutumin Lolo ya kai ɗansa can, sai ya bar jihar Kebbi gaba ɗaya, ya shiga Sakkwato, ya wuce birnin, da kuɗin mota na mutum biyu ko uku, da na masauki, da na magani. Shi ya sa masana suka juya ga abin da ya riga ya shiga aljihun kowane saurayi, wato waya, suna tambaya ko za ta iya ɗaukar wani ɓangare na wannan nauyi.

An gwada a wurare da dama, kuma akwai abin lura a sakamakon. A Labanon, Hukumar Lafiya ta Duniya da ma'aikatar lafiyar ƙasar sun gwada wani shiri na waya mai suna Step-by-Step a tsakanin 'yan ƙasar da 'yan gudun hijirar Siriya. Darussa biyar ne cikin siffar labari mai hotuna, suna koya wa mai ciwon damuwa yadda zai koma ga ayyukan da ya bari da mutanen da ya ƙaurace wa. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna ciwon ya ragu ga waɗanda suka bi shirin, ko da yake da yawa sun bar shi a tsakiya. Sai dai ba manhajar kaɗai aka sakar musu ba: kowane mako akwai wani mataimaki, wanda ba likita ba ne amma an horar da shi, da ke tuntuɓar mutum na kimanin minti 15. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da dattawan mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraren masu damuwa, kuma gwajin da aka buga a 2016 ya nuna amfaninsa a fili. Mutanen can suna kiran ciwon da wata kalma ta harshen Shona mai ma'anar yawan tunani, daidai da yadda tsohuwa a gidanmu za ta ce wane tunani ya yi masa yawa. Tun kafin su, a 1954, Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowanne tare da wani danginsa, maimakon kulle su a ɗaki. A duk waɗannan, in an tona, mutum ne amintacce ake tararwa a tsakiya. Waya hanya ce kawai ta isa gare shi. A fagen bincike kuwa, wannan mutumin shi ne ɗalibinmu mai tambaya, domin farfesan da ya tsara aikin ba zai taɓa zama a zauren gidanmu ba.

Kafin mu shiga hukuncin aikin, akwai wani gyara da ya kamata mu masu hawa mumbari mu fara yi wa kanmu. Mun daɗe muna gaya wa mai baƙin ciki cewa imaninsa ne ya yi rauni, mun kuma bar masu neman abinci da rukiyya suna ɗora kowace larura a kan aljanu da sammu. Alhali Suratu Yusuf ta ba mu labarin Annabi Yakubu, wanda baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai shi har idanunsa suka yi fari, kuma babu mai shakkar imaninsa. Malaman tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sun kira shekarar rasuwar Nana Khadija da Abu Ɗalib da shekarar baƙin ciki. Bukhari ya ruwaito cewa Nana A'isha takan sa a dama talbina, wani kunu na sha'ir, ga mara lafiya da wanda aka yi wa rasuwa, saboda abin da ta ji daga Annabi cewa tana sanyaya zuciya. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 934 Miladiyya, ya rubuta littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya bambanta baƙin cikin da ke da sanadi sananne, kamar rashi ko asara, da wanda ke sauka a kan mutum ba tare da dalili na zahiri ba, ya ce na biyun yana da tushe a jiki kuma yana buƙatar magani. Mu mutanen ƙasar Gwandu ba baƙi ba ne ga wannan, domin Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello duk sun yi rubutu a kan magani. Kiyaye hankali yana cikin manyan manufofin shari'a guda biyar. Rukiyya ta shari'a gaskiya ce, addu'a makami ce, kuma babu ɗayansu da ya hana zuwa asibiti. Abin da ya faru a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, inda 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da mari a ƙafa, daga gidan da ake kira na gyaran tarbiyya, abin kunya ne da aka yi da sunan addini. A farkon 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tabbatar wa mai larura haƙƙinsa na mutunci.

To, mu dawo ga tambayar ɗalibinmu. Tajassusin da aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana shi ne tono abin da mutum ya ɓoye ba da saninsa ko yardarsa ba. Wanda aka yi wa bayani ya fahimta, ya kuma buɗe bakinsa da kansa don wata maslaha, ba a yi masa tajassusi ba, kamar dai mara lafiya a gaban likita ko mai neman fatawa a gaban malami. Ladan aikin kuma ijara ce, halal ce idan aikin halal ne kuma an cika shi. Ke nan hukuncin gaba ɗaya ya rataya a kan kalma guda: yarda. Ita ce kuma aka fi yi wa ha'inci.

Mutanen Arewa ba su manta da 1996 ba. A lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200, inda 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran kuma bai saɓa ƙa'ida ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Amma ɓarnar da aka yi wa amana ta fi wannan kuɗi tsada, domin tana cikin abin da mutane suka riƙa ambata lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, cutar ta sake bazuwa har zuwa wasu ƙasashe. Duk mataimakin binciken da ya karanta takardar amincewa da sauri-sauri da Turanci, ya kama yatsan tsoho ya dangwala, yana sake haƙa wannan ramin ne, ko da abin da ya zo da shi alheri ne.

Yarda ta gaskiya tana nufin a gaya wa mutum da harshen da yake ji, ko Hausa ko Fulatanci ko Dandanci ko Busanci, cewa wannan bincike ne, ba rabon tallafi ba ne, kuma ba a tabbatar manhajar tana aiki ba, shi ya sa ake gwada ta. A gaya masa yana da damar ƙi, yana da damar tsallake tambayar da bai so, yana da damar janyewa a tsakiya, babu abin da zai rasa. Idan yaro bai kai shekara 18 ba, sai an sami izinin waliyyinsa, sannan shi ma yaron a tambaye shi. Izinin uba ba ya halatta tilasta wa 'ya ta buɗe cikinta. Izinin hakimi ko mai gari ladabi ne da ya wajaba a nema, amma ba ya maye gurbin yardar mai gida. Ɗan kuɗin mota ko katin waya da ake bayarwa na mai amsa ne, kada mataimaki ya yanki wani abu a ciki, kada kuma ya mai da shi ƙugiyar kama mai yunwa. Ku iyaye, kuna da haƙƙin ku nemi ganin takardar izinin kwamitin ɗa'ar bincike. Akwai na ƙasa a ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, akwai kuma na jihohi da asibitocin koyarwa. Wanda ya zo da gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Da muka duba aikin da kyau, sai muka ga babu abin da ya fi kama da shi a iliminmu kamar aikin marawaicin hadisi. Malaman hadisi ba sa karɓar ruwaya sai daga wanda ya haɗa adalci da kiyayewa: mai tsoron Allah da ba ya ƙarya, mai kuma riƙe abin da ya ji yadda ya ji shi. Masanin da ke jami'a bai ga yarinyar Kaoje ba, abin da mataimaki ya shigar kawai ya gani, a kansa zai gina hukunci, a kan hukuncin kuma gwamnati ko ƙungiya za ta kashe kuɗi. An san wata mummunar ɗabi'a a wannan sana'a, musamman inda ake biya bisa yawan takardun da aka cike: mutum ya sami inuwar bishiya ya zauna, ya ƙirƙiro amsoshin gida goma bai taka ƙofar ko ɗaya ba. Wannan a wurinmu ɗan'uwan mai ƙirƙirar hadisi ne a hanya, ko da zunubinsu ba ɗaya ba ne, kuma kuɗinsa haram ne. Manhajojin tattara bayanai irin su KoboToolbox suna iya nuna wurin da aka cike takarda da mintocin da aka ɗauka, amma wanda na'ura ce kaɗai ke hana shi ƙarya zai sami hanyar zagaye ta.

Kiyayewa kuwa ta fi wuya, domin harshe ya shigo ciki. Ma'aunin da aka fi amfani da shi wajen gano alamun ciwon damuwa sunansa PHQ-9. Tambayoyi tara ne a kan makonni biyun da suka wuce, makinsu daga 0 zuwa 27, kuma galibi daga 10 ake fara cewa mutum na buƙatar a duba shi. A Amurka aka tsara shi. Tambayar farko tana magana ne a kan mutum ya daina jin daɗin abubuwan da ya saba yi. Mai fassarar da bai yi hattara ba zai ce "rashin sha'awa", kuma kowane Bahaushe ya san inda hankalin budurwa zai tafi idan baƙo ya tambaye ta sha'awa. Ko ta sunkuyar da kai ta ce a'a, ko mahaifiyarta ta kore shi. Kalmar damuwa kanta faffaɗa ce, tana ɗaukar rashin kuɗin makaranta, tana ɗaukar ciwon da ke hana mutum tashi daga shimfiɗa. Akwai tambaya a kan cin abinci: me za a rubuta wa wanda bai ci ba don rumbu ya ƙare a tsakiyar damina, ko wanda aka tambaya a cikin azumi? Akwai ta barci: ya za a yi da saurayin da ke kwana sintiri saboda tsoron ɓarayin shanu? Mutanenmu kuma sukan bayyana ciwon zuciya ta hanyar jiki, su ce kaina yana zafi, gabana yana faɗuwa, jikina ya mutu. Mataimaki nagari ba ya canza tambaya da ra'ayinsa, domin in kowa ya canza, amsoshin ba za su haɗu ba. Abin da yake yi shi ne ya rubuta irin waɗannan matsaloli ya kai wa shugabannin aikin tun lokacin horo da gwajin farko, ya nace a gyara fassarar. A nan ne ɗan gari ya fi farfesa sani, kuma shirunsa cin amana ne. Annabi da kansa ya umurci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa domin ya sami amintaccen mai karanta masa wasiƙu. Haka nan ya tuna cewa maki ba hukuncin likita ba ne. Kada ya ce wa uwa ɗanki yana da taɓin hankali don ya ga lamba 14 a allo.

Wani wurin zamewa shi ne ƙuri'a. A irin wannan gwaji akan raba mutane gida biyu, wasu a ba su manhajar, wasu su jira, kuma na'ura ce ke zaɓa don kada son rai ya shiga. Ƙuri'a tana da asali a wurinmu, Annabi yakan yi ta tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Mataimakin da ya murɗa ta don ƙanensa ya sami kuɗin data ya lalata aikin gaba ɗaya.

Sai batun sirri, wanda a ƙaramin gari ya fi ko'ina nauyi. A Legas mai tambaya da mai amsa ba za su sake haɗuwa ba. A Bagudo kuwa yarinyar da ta gaya maka tana kuka kowane dare, wataƙila abokinka ne ke neman aurenta, kuma gobe za a zo gare ka binciken aure. Kalma ɗaya a teburin mai shayi ta isa ta rushe mata rayuwa, domin har yanzu muna gudun gidan da aka ce akwai taɓin hankali. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito hadisin da ke nuna cewa idan mutum ya yi maka magana yana waiwaye, maganar ta zama amana. Shawararmu ita ce kada mataimaki ya yi wa danginsa ko 'yan unguwarsa tambayoyin, a musanya shi da wani. Mace ta tambayi mace, namiji ya tambayi namiji. A zauna inda ido ke gani amma kunne ba ya ji, kamar gefen tsakar gida ko ƙarƙashin bishiyar makaranta, ta haka an kauce wa keɓewa an kuma tsare sirri.

Ita ma wayar tana da nata yoyon. A gidajenmu da yawa waya ɗaya ce tsakanin uwa da 'ya'ya, ko ta miji ce matar ke ara. Ana kai ta shagon caji ta yini a hannun wani, ana ba masu tura fina-finai su buɗe ta. Idan manhaja tana aiko da saƙon da ke bayyana a fuskar waya yana tambayar yaya damuwarki yau, to ta tona asirin da ta yi alkawarin rufewa. Dole mataimaki ya tambayi wa ke riƙe da wayar, ya koya wa mai amfani sa lambar sirri. Shi ma kada ya ajiye sunayen mutane a wayarsa, kada ya tura hoton takarda a zauren WhatsApp na ma'aikata. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman, kuma mutum yana da haƙƙin sanin inda aka ajiye nasa da wanda zai gani. Mu na bakin iyaka muna da ƙari: a wasu ƙauyukanmu layin Benin ya fi na Nijeriya ƙarfi, wasu yaranmu rabin shekara suna can, kuma izinin da aka samu a Nijeriya ba ya aiki a tsallake. Kada ƙwazo ya sa mataimaki ya haura Segbana da kwamfutarsa don cike adadi.

Tambaya ta tara a wancan ma'auni ita ce wadda ta fi tsorata ɗalibinmu, ita ce ta tunanin mutuwa ko cutar da kai. Wasu iyaye suna jin tsoron cewa tambayar za ta shuka tunanin a zuciyar yaro, amma binciken masana ya nuna yin ta cikin natsuwa ba ya haifar da hakan, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Haɗarin yana ga abin da zai biyo bayan amsar. Idan yaro ya ce e, mataimaki ba zai danna maɓalli ya wuce gida na gaba ba. Ba kuma lokacin karanta masa ayoyin azaba ba ne. Haramcin kashe kai sananne ne, shi ma ya sani, abin da ya rasa shi ne wanda zai saurare shi. Nan ne iyakar sirri. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta tabbatar da cewa asali shi ne ɓoye sirrin mara lafiya, amma ana bayyana shi gwargwadon buƙata idan ɓoyewar za ta jawo cutar da ta fi girma. Saboda haka tun farko a gaya wa mai amsa cewa komai sirri ne ban da abin da ya shafi rai. Idan ta faru, kada a bar shi shi kaɗai, a nemi ya zaɓi babban da ya yarda da shi a gidan, a nisantar da maganin ƙwari da makami, a kira ma'aikacin lafiyar da aikin ya tanada a ranar. A yi hakan a asirce, domin tsohuwar dokar hukunta laifuka ta Arewa ta ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifi, wannan tsoro kuma yana sa iyalai ɓoyewa har sai an makara.

Kada iyaye su ɗauka cewa in sun rufe ƙofa ga masu bincike sun tsare 'ya'yansu daga waya. Tun 2024 ƙirƙirarriyar basira ta Meta AI ta shigo cikin WhatsApp a Nijeriya, kuma akwai yaranmu da ke kai mata kukan da ba su kai wa uwa ko malami ba, da tsakar dare, babu kwamitin ɗa'a, babu wanda zai ɗaga waya ya kira likita. A watan Agustan 2025 iyayen wani yaro ɗan shekara 16 a Kaliforniya sun kai kamfanin OpenAI ƙara, suna zargin hirar ɗansu da ChatGPT ta taimaka wajen mutuwarsa. Manhajar da aka gwada a kan yaranmu, da harshenmu, a ƙarƙashin idon mutanen da za mu iya tuhuma, ta fi mana wadda ta shigo ba sallama.

Shi kansa mataimakin yana buƙatar kulawa. Wanda ya yini yana jin labarin fyaɗe da duka da yunwa, kuma amana ta hana shi faɗa wa ko matarsa, zai iya kwana bai runtsa ba. Aikin kirki yana tanadar masa shugaban da zai zauna da shi a kai a kai ya sauke abin da ya ɗauko, ba tare da ambaton sunaye ba.

Da ɗalibinmu ya dawo bayan sallar Juma'a, muka ce masa ya nemi aikin. Muka ƙara da cewa a ranar ganawa, idan sun gama tambayarsa suka ce ko yana da tambaya, kada ya fara da albashi. Ya ce musu: idan yaro ya amsa mini tambaya ta tara da e, a wani ƙauye bayan Illo, da ƙarfe biyar na yamma, wa zan kira, mene ne lambarsa, wane asibiti za a kai shi, kuma wa zai biya kuɗin mota? Muka ce idan suka fito masa da amsa a rubuce, ya karɓi aikin. Idan suka fara kallon juna, ya yi musu godiya ya dawo gida. Ya ciro ɗan littafinsa daga aljihu, ya ce, "Malam, a sake maimaita mini tambayar, in rubuta ta yadda take."